Ilimi kyauta ne, to wa zai biya kuɗin tara?

A bakin ƙofar firamaren unguwarmu akwai wata yarinya mai tallar awara. Ba ta wuce shekara tara ba. Kullum kafin a kaɗa ƙararrawar tara ta iso, ta ajiye bokitinta a gindin dalbejiya, ta kwance ƙullin yaji, ta zauna jira. Ana fitowa yara su yanyame ta, wannan ya ce a ba shi ta hamsin, wancan ta ɗari, wani ya miƙo ɗari biyu yana neman canji, wani kuma yana rantsuwa jiya ta riƙe masa ashirin. Na taɓa tsayawa ina kallon ta tana sallamar mutum biyar lokaci guda, ko sau ɗaya ba ta rikice ba. Lissafin da take yi da ka, na san da yawa daga masu inifom ɗin da ke gabanta ba za su iya shi ba ko an ba su takarda da biro. In an koma aji sai ta ja bokitin zuwa jikin tagar 'yan aji biyu, ta jingina da bango tana bin karatun da baki a hankali, har lokacin tashi ya yi ta sayar da ragowar.

Uwarta maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Wata rana ta shigo wurin maiɗakina, bayan mun gaisa na ce, "Yaya, yarinyar nan fa tana da kai. Me zai hana a sa ta makaranta? Ai gwamnati ta ce kyauta ne."

Ta yi dariya ta ce, "Malam, kyautar ai a rediyo take."

Sai ta shiga lissafo mini da yatsu: yadin inifom da kuɗin tela, hijabi, takalmi, littattafan rubutu, fensirin da ke ɓata duk mako, kuɗin PTA, tsintsiyar da ake cewa kowa ya kawo farkon zango, kuɗin jarrabawa a ƙarshensa, sannan kuɗin tara kullum ta Allah, don ba ka tura yaro ciki wayam ya zauna yana kallon bakin 'yan uwansa. "Duk wannan ma mai sauƙi ne," in ji ta. "In ta zauna a aji, wa zai fitar mini da awarar? Da cinikin safen nan nake auno abin da za mu ci da dare."

Ban sami abin ce mata ba, kuma abin da nake son faɗa yau daga bakinta na ɗauko shi. Makarantar da za ta amfani ɗan talaka ita ce wadda kafin ta aza tubali sai ta zauna ta tambayi abin da ke hana shi zuwa, sannan ko ta ɗauke masa nauyin wannan abin, ko ta kauce masa hanya. Mu kuwa shekara kusan hamsin ke nan muna yin akasin haka. Mu gina, mu buɗe, mu sanar a rediyo, sannan mu koma gefe muna jifan iyaye da jahilci don ba su kawo 'ya'yansu ba.

Doka dai ba ita muka rasa ba. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo shirin UPE na firamare kyauta ga kowa. A watan Satumban 1999 Obasanjon dai ya dawo cikin farar hula ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004 mai cewa karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, aka ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A 2019 Kano ta sake shelanta nata ilimin kyauta kuma dole. Duk da haka an daɗe UNICEF na maimaita cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, a 2022 kuma UNESCO ta ce sun kai kimanin miliyan 20 in an haɗa da 'yan shekarun sakandare. Ana iya jayayya kan alƙaluman, amma wanda ya taɓa tsayawa a danjar Kano ko tashar motar Gusau ya san yankin da mafi yawansu suke.

Babban yunƙurin da aka yi domin waɗannan yara musamman shi ne na zamanin Shugaba Goodluck Jonathan. A watan Afrilun 2012 ya je Gagi, a Sakkwato, ya buɗe makarantar kwana ta almajirai ta zamani, da azuzuwa da ɗakunan kwana da wurin cin abinci da ɗakin shan magani, har da gidan malam. Aka ci gaba da gina irinta har suka kai 157, a kan kuɗin da aka ce sun kai naira biliyan 15. Ba na cikin masu cewa siyasa ce zalla. Niyyar tana da kyau, ginin ma ya yi kyau. Amma da aka miƙa wa jihohi makullai sai magana ta fito fili. Gini sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ciyar da yaro kuwa sau uku ne a rana, yau da gobe da jibi, ga albashin malamai, ga sabulu, ga magani. Jihohi da yawa ba su tanadi wannan a kasafinsu ba. Bayan 'yan shekaru 'yan jarida suka zagaya suka tarar wasu a kulle ciyawa ta cinye, wasu an mai da su makarantun gwamnati na gama-gari, almajiran da aka gina dominsu suna can bakin titi da robarsu.

A ce ma duk sun cika maƙil. Ƙiyasin gwamnati na wancan lokaci shi ne akwai almajirai miliyan 9.5. Ko da kowace makaranta ta ɗauki yaro 500, jimilla ba su kai 80,000 ba, wato ko ɗaya cikin ɗari ba a taɓa ba. Sannan an manta da mutum guda wanda ba a yin komai sai da shi. Uban da ya ɗauko ɗansa daga ƙauye ya danƙa wa alaramma, amana ya ba mutum, mutumin da ya sani ko ya ji labarin karatunsa. In ka gina makaranta ka ce yaro ya baro alaramma ya dawo hannun ma'aikacin gwamnati da ake iya yi wa canjin wurin aiki gobe, ka raba malam da almajiransa, ka kuma raba uba da wanda ya yarda da shi. Su biyun babu mai taya ka.

Me ya sa muke son gini haka? Kowa ya san amsar, faɗinta ne ake jin nauyi. Gini yana da ɗan kwangila, ɗan kwangila yana da kaso. Gini ana ɗaukarsa hoto, ana manna masa allo da sunan mai girma, ana nuna shi ranar yawon neman ƙuri'a. Alli ba shi da bikin buɗewa. Ba a gayyatar maroƙa ranar da aka biya malamar aji ɗaya albashinta a kan kari.

Akwai ƙasar da ta bi ta wata hanya, kuma ta cancanci mu dube ta da kyau domin ba ƙasar masu kuɗi ba ce irin Ingila. Bangaladesh ƙasar Musulmi ce mafi yawanta, mutum kusan miliyan 170 a matse cikin filin da faɗinsa kusan daidai yake da jihohin Neja da Borno in an haɗa su, ga ambaliya kusan kowace shekara. Ta fito daga yaƙin neman 'yanci a 1971 a ragargaje. A 1972 wani akanta mai suna Fazle Hasan Abed, wanda ya bar aiki da kamfanin mai na Shell ya sayar da gidansa na Landan, ya kafa ƙungiyar BRAC don taimakon masu dawowa daga gudun hijira. Ƙungiyar ta saba da bin gida-gida, don ita ce ta aika mata ƙauye-ƙauye suna koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaran da gudawa ke kashewa. Da ta juya kan ilimi a 1985, da wannan ɗabi'a ta zo: ta fara tambayar iyaye. Amsoshin da ta samu kamar maƙwabciyata ce ke magana. Makaranta ta yi nisa. Lokacinta ya ci karo da aikin gida da na gona. Malamin namiji ne kuma baƙo. Akwai 'yan kuɗaɗen da ba a faɗa a sanarwa.

Da makarantu 22 suka fara, kuma in ka ga ɗaya ba za ka ce makaranta ba ce. Ɗaki ɗaya ne na haya a cikin ƙauyen, bangon gora ko na laka da rufin kwano. Yara kamar talatin zaune kan tabarma a zagaye, yawancinsu 'yan shekara takwas zuwa goma da ba su taɓa shiga aji ba ko sun shiga sun fita, kuma da gangan aka sa mata su fi yawa, a farko kusan bakwai cikin goma. Malamar matar aure ce 'yar garin, mai karatun shekara tara ko goma, a ba ta horon kamar mako biyu, sannan duk wata ta koma bita. Ba kuɗin makaranta, ba inifom, littafi da allo da fensir ƙungiya ke bayarwa. Karatun awa uku ne ko ɗan fiye a rana, kuma iyaye ne ke zama da malama su tsai da lokacin. In sun ce da sassafe, da sassafe. In lokacin girbin shinkafa ya zo, a gyara. Ba a labta wa yaro aikin gida mai yawa, tunda an san babu mai taya shi a gidan. Malama ɗaya ke tafiya da ajinta daga farko har ƙarshe, ta san wanda uwarsa ba ta da lafiya, ta san wadda ake shirin aurarwa, in yaro ya yi fashi biyu ta taka zuwa gidansu don bai fi tafiyar minti kaɗan ba. Daga baya suka tsara yadda za a gama manhajar firamare ta shekara biyar a cikin huɗu, yaro ya wuce sakandaren gwamnati. In aji ya gama kuma ba sauran yaran da suka rage a ƙauyen, sai a mayar wa mai ɗaki ɗakinsa a matsa gaba. Kafin a kai ko'ina makarantun nan sun haura 30,000, miliyoyin yara sun bi ta cikinsu.

Kada a zaci ruwan sanyi suka sha. A shekarun 1990 an ƙona wasu daga cikin makarantun, bisa zargin ana son raba yara mata da addininsu da tarbiyyarsu. Wannan zargi mun san shi, da shi aka tarbi boko a nan tun zuwan Turawa. Abin da ya tsare makarantun shi ne iyayen da ke ciki suna ganin abin da ake koyarwa da idonsu, malamar kuma tasu ce, tare suke zuwa suna da biki.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Na farko: wannan ai raba ƙasa biyu ne, ɗan mai kuɗi a bene da kwamfuta, ɗan talaka a tabarma da malamar da ba ta da NCE. Maganar tana da nauyi, kuma ba na son a mai da tabarma ta zama gadon talaka har abada. Sai dai a duba zaɓin da ke gaban mai awarar nan yau. Ba tsakanin bene da tabarma take zaɓa ba, tsakanin tabarma da jikin taga ne. Kuma raba ƙasar an riga an yi shi tuntuni. A nuna mini kwamishina ɗaya da ɗansa ke zaune a firamaren gwamnati ta unguwa.

Na biyu shi ne batun takardar shaidar malanta. A nan kuwa, Kaduna ta ba mu darasi a 2017, lokacin da aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta ce-ce-ku-ce kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, kuma akwai gaskiya a wasu ƙorafe-ƙorafen. Amma ta nuna takarda kaɗai ba ta koyarwa. Abin da ya riƙe makarantun BRAC shi ne sa ido: jami'i na leƙa kowace makaranta kusan duk mako, ya zauna a aji, ya duba rajista, ya ga abin da yara suka iya. Mu nan akwai firamaren ƙauyen da mai duba makarantu bai taka ba tun bara, in ya zo ma ofishin hedimasta ya tsaya, a sa masa hannu a kai shi mota. Yarinyar da ta gama sakandare a ƙauyensu, ake duba aikinta duk mako, ta fi mai digirin da ke zaune a birni yana zuwa ranar albashi.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi damuna, don ba ni da yadda zan kare shi. Kuɗin makarantun BRAC mafi yawa daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa. Da Bangaladesh ta ɗan farfaɗo masu bayarwa suka fara janye hannu, adadin makarantun kyauta ya ragu, ƙungiyar ta buɗe wasu na biyan kuɗi. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabta, ranar da ba su dafa ba da yunwa zai kwana. Mun ga haka a nan: shiri ya zo da motoci masu tambari, a yi shekara biyar ana taron bita a otal, ranar da wa'adi ya cika malaman sa-kai su watse. Don haka abin ɗauka daga Bangaladesh tsarin ne. Kuɗin kuwa dole ya fito daga aljihun gwamnatinmu da na masu halinmu. Ita ma gwamnatin can ba ta naɗe hannu ba: a 1993 ta fara ba iyaye matalauta hatsi in 'ya'yansu na zuwa makaranta, a 1994 ta faɗaɗa ba 'yan matan karkara tallafin karatun sakandare da sharaɗin kada a aurar da su kafin su gama. Wato ta gane cewa zaman yaro a aji asara ce ga gidan da ke cin guminsa, ta biya wani abu daga cikin asarar.

Wani abin ma da ke ba ni haushi shi ne tsarin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su zo Sakkwato su zauna ba. Ta naɗa jajis, wato jagororin mata, ta ɗora musu malfa, su ke kai karatu ƙauyuka su dawo da tambayoyi, abin da aka sani da 'Yan Taru. Yau ma dubi Islamiyyar unguwa. A cikin layi take, malaman sanannu ne, lokacinta bayan la'asar ko da dare ko Asabar da Lahadi, kuɗinta kaɗan ne kuma ana ɗaga wa maraya ƙafa. Shi ya sa uwar da ta ce ba ta da halin boko ba ta taɓa bari 'yarta ta yi fashin Islamiyya ba. Iyayen da ake cewa ba sa son ilimi su ne ke cika waɗannan azuzuwa har waje. Bokon ne ya kafe a kan sai dai a zo masa ƙarfe bakwai da rabi, cikin inifom, Litinin zuwa Juma'a, damina da rani, ko ranar kasuwar garin ce, ko ana tsakiyar shuka.

Wanda ya fi burge ni a cikin namu shi ne Barista Zannah Mustapha na Maiduguri. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess da marayu 36. Bayan shekara biyu rikicin Boko Haram ya ɓarke, gari ya cika da zawarawa da marayu. Ya yi abin da mutane da yawa suka ga kamar ganganci: ya karɓi 'ya'yan sojoji da 'yan sanda da fararen hular da aka kashe, ya kuma karɓi 'ya'yan 'yan ƙungiyar da aka kashe, waɗanda kowa ke gudu, ya zaunar da su a benci ɗaya. Karatu kyauta, inifom kyauta, abinci kyauta, magani kyauta. Bai tsaya kan yaran ba, ya haɗa iyayensu mata a ƙungiya ana koya musu sana'a, don ya san in tukunyar gida ba ta hau wuta ba, yaron talla za shi ko da makarantar ta zinare ce. A lokacin da makarantu da yawa a Borno ke rufe, tasa a buɗe take. Yardar da ya samu daga kowane ɓangare ce ta sa ya shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a Oktoban 2016, da wasu 82 a Mayun 2017. A shekarar 2017 ɗin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen, lokacin ɗalibansa sun haura 500, wasu da yawa na jiran gurbi.

Jerin masu jiran nan shi ne abin lura. A gari ɗaya, makarantar da ta ɗauke wa uwa kuɗin tara da na inifom ana layi a ƙofarta. To ina maganar cewa mutanenmu ba sa son boko? Sai dai kuma kada mu rufe ido da yabo. Mutum ɗaya ne, kuma ba duka zai iya ɗauka ba a jihar da marayunta suka kai dubbai. In muka mai da irinsa abin tafi a taro muka koma gida, mun sauke wa gwamnati nauyin da doka ta ɗora mata.

Kada kuma a ɗauka abinci kaɗai ya isa. A farkon 2016 gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare, rajista ta yi tsalle, azuzuwa suka cika har ba wurin zama. Jaridu suka ruwaito yadda a wasu makarantu yara ke zuwa da kwano, a raba abinci, su kama hanyar gida. Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa ban ga laifin yaran ba. Sun zo don abin da suka tabbata akwai shi. Da sun tarar da malami da wurin zama da karatun da ke shiga kai, da wasu sun tsaya. Shirin bai yi nisa ba aka dakatar saboda kuɗi. Na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a shekarar kan naira 70 kowane yaro daga aji ɗaya zuwa uku, ya yi ta tafiya da ɗingishi, masu dafawa na kukan ba a biya su ba, har aka dakatar da shi a Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi bayan zargin almundahana. Abinci na kawo yaro ƙofar aji, malami ne ke zaunar da shi, kuma duka biyun kuɗin kullum suke ci, irin kuɗin da shugabanninmu ba sa sha'awar kashewa.

A watan Mayun 2023, ana saura kwanaki ya sauka, Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ina yi mata fatan alheri, amma in ta fara da neman fili da zanen gini, mun san ƙarshen labarin. Ga tsangayu nan dubbai, da rumfunansu da yaransu da malamansu. A je wa alaramma da girmamawa, a tambaye shi awa nawa zai iya saki a rana, a tuna Alhamis da Juma'a dama ba a karatun allo. A kawo malamin lissafi da karatu da rubutu ya same su a inda suke, a fara da Hausa kafin Turanci, a sa wa tsangayar buhun hatsi duk wata don ƙolo ya huta da yawon bara, a taimaki malam da taki in yana noma. Wannan ya fi abin da gwamnoni suka yi a 2020 lokacin korona, da aka loda yara a motoci kowace jiha na mayar wa 'yar uwarta nata, kamar kayan da aka ƙi saya. Ba a daɗe ba suka dawo.

Kuɗin UBEC ma, wato hukumar tarayya mai kula da shirin UBE, a sake duba yadda ake kashe su. Kason da ake ba jihohi sai sun kawo nasu daidai da shi kafin su karɓa, shi ya sa duk shekara ake jin biliyoyi na kwance a Abuja ba a ɗauka ba, wanda aka ɗauka kuma mafi yawansa a gini da kujeru yake ƙarewa. Ba na cewa a bar yara a ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Amma a ware wani kaso bayyananne da ba za a taɓa shi ba sai don abin da ke fita daga aljihun uwa: littafi, fensir, kuɗin jarrabawa, abin karyawa. Inifom kuwa a daina korar yaro saboda shi. Ban taɓa jin inda launin riga ya hana baƙi shiga kai ba.

Masu halinmu su ma da magana a kansu. Attajiri zai gina masallaci a layin da ke da masallatai uku, a yi masa tayil da na'urar sanyaya ɗaki, Allah ya ba da lada. Amma ka ce masa ya ɗauki albashin malamai mata biyu na shekara biyar, ko ya yi waƙafin shago ɗaya da hayarsa za ta riƙa sayen ƙosai da kunun yara talatin, sai ya ce zai duba. Sadaka mai gudana ba sai an ga hasumiya ba.

Makon jiya na sake tayar wa maƙwabciyata da maganar, na ba ta labarin ɗakin nan na Bangaladesh da yadda iyaye ke tsai da lokaci. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, ai ni tsakanin azahar da la'asar ba abin da take yi mini. Awara ta ƙare, Islamiyya sai bayan la'asar. In da akwai inda za a koya mata a wannan lokacin, a nan kusa, ba sai da inifom ba, wallahi gobe da kaina zan kai ta."

Da na fito na bi ta gaban firamaren, wajen ƙarfe biyu da rabi. An tashi tun ɗazu. Azuzuwa goma sha biyu, huɗu daga ciki sababbin fenti da allon ɗan kwangila a jikinsu, duk a garƙame da kwaɗo. Maigadi na gyangyaɗi a kan benci da makullan a aljihunsa, awaki uku na kwance a baranda.